Shekarar da Sobiyar Ummanku Ta Hau Babbar Mota

Kwanakin baya ina kishingiɗe a falo na ji Usman yana ba matarsa labari, wai da ba don taurin kan Ummanku ba, da yanzu muna da masana'anta a bayan gari da motoci masu ɗauke da sunanmu. Ban tanka ba, don ba a gyara wa magidanci zance a gaban iyalinsa. Amma ba haka aka yi ba. Tunda ita ta riga mu gidan gaskiya, ba ta nan balle ta kare kanta, ni kuma ƙafa ta fara nauyi, gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Lokacin kai Usman ba ka fi shekara uku ba, Maryam kuwa tana ciki.

Kun san daga ƙasar Gusau na zo aikin Hajji na zarce, na yi dako a kasuwar Bab Makka da ke nan Jidda har Allah ya haɗa ni da wani dattijo wanda kakanninsa Takari ne irinmu. Shi ya zama kafilina mai tsaya mini a hukuma, ya yi mini iƙama, wato takardar zama, kuma da lasisinsa na sayar da abin sha muka yi duk sana'ar da zan ba ku labari. Ummanku Halima 'yar Hausawan Sudan ce, mahaifinta tela ne a unguwar Mahjar. Da muka tare a gidan nan na Hindawiyya, azumin farko ta aike ni in sayo sobiya, abin shan nan na sha'ir da mutanen Hijaz ba sa buɗa baki sai da shi. Ta kurɓa ta yamutsa fuska, ta ce wannan ai kunun marasa lafiya ne. Washegari ta jiƙa sha'ir da kanta, ta niƙa, ta tace, ta zuba kirfa da hel, ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa, yadda Larabawa suke yi, sannan ta ƙara abin da ba su sani ba: citta da kanunfari da ɗan masoro. Ta rufe tukunya ta bar shi ya ɗauki ɗan tsamin nan mai daɗi. Maƙwabta suka ɗanɗana, suka dawo da kwanuka. Kafin azumi na uku, daga Hindawiyya har Sa'alaba ba wanda bai san sobiyar Hajja Halima ba, kuma har bayan salla ana nema.

Dama sobiya ba wuya ga wanda ya iya. Kai ta bakin mai sha ita ce wahala, kuma wannan ne rabona. Sobiya abu ne mai rai. Ko an ɗura ta a kwalba ba ta daina aiki. In tana cikin sanyi za ta yi kwana uku lafiya lau. In ta sha zafin Jidda na wuni guda sai ta fara kumfa, tsamin ya ƙaru, in aka ƙyale ta kuma ta rikiɗe ta koma abin da ba a faɗin sunansa da ƙarfi a ƙasar nan. Don haka Ummanku take ɗaura wa kowace kwalba zare a wuya, kowace rana da launinta: Asabar fari, Lahadi ja, Laraba kore, haka har mako ya zagayo. Ni da na kalli wuya na san kwanan kwalba. Ina da tsohuwar wanet, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, sai in shimfiɗa buhuna, in jera ƙanƙara, in jera kwalabe, in rufe, in yi ta tsere da rana. Da azumi kuwa kowane mai baƙala, wato shagon unguwa, so yake a kawo masa tsakanin la'asar da magariba, kamar ni aljani ne mai iya tsayawa a shago goma lokaci guda.

Babbar matsala ita ce firiji. Duk firijin da kuke gani a baƙala ba na mai shago ba ne, na manyan kamfanonin lemo ne da na ruwan sha'ir ɗin nan marar maye da Larabawa ke kira bira. Kyauta suke ajiye shi, bisa sharaɗin kada a sa kayan kowa sai nasu. Akwai wani Bayamane a Sa'alaba, Amm Ƙasim, gajere mai tumbi da zane ɗaure a ƙugu, shi ne babban mai sayenmu. Yakan ɓoye kwalabenmu can ƙasa a bayan na kamfani. Da ya hango motar wakilin kamfani ta shawo kwana sai ya kwashe su da gudu ya tura ƙarƙashin buhun shinkafa. Wata rana na same shi yana haki, gumi na zuba.

"Ya Abu Usman," ya ce, "kwalaben nan naka irinku ne sak. Umara suka zo suka zarce. Ba su da iƙama a firijin nan, da an ga jawazat masu kamen baƙi sai ɓuya."

Na yi dariya har na riƙe ciki, amma a zuciyata na san gaskiya ya faɗa. In wakilin ya daɗe yana shan shayi, ranar kwalaben sun tashi daga aiki, sai in kwaso su in zubar a kwata.

A shagon Amm Ƙasim ɗin ne Abu Salim ya fara ɗanɗana sobiyarmu. Ɗan kasuwa ne, asalin iyayensa Hadaramaut, sana'arsa rarraba kayan sha da manyan motoci masu sanyi, daga Jidda zuwa Makka har Ɗa'ifa. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai fara'a, mai kyauta, wanda ya san lissafin kasuwarsa. Ya tako da kansa har lungunmu, farar rigarsa tana ɗaukar ido, ya zauna a tabarma ya sha shayi. Ya ce duk abin da muka dama shi zai kwashe, motarsa za ta zo ƙofar gida, ni in huta da ƙanƙara. Zai buga mana takarda mai kyau a manna wa kwalba, a rubuta Hajja Halima da ruwan zinariya. Sharaɗinsa biyu: kada mu ƙara sayar wa kowa sai shi, kuma sunan a yi masa rajista a ƙarƙashin kamfaninsa, tunda mu baƙi ne, doka ba ta ba mu ba. Ummanku tana bayan labule tana ji. Sai ta yi gyaran murya.

"Ya Abu Salim, motar taka kaya iri nawa take ɗauka?"

"Ma sha Allah, ya Hajja, sun kai iri arba'in."

"To namu a ina zai zauna, gaba ko baya?"

Ya yi dariya ya ce mota duk mota ce, sanyinta ɗaya. Bayan ya tafi ta fito ta zauna, ta miƙe ƙafafu saboda nauyin ciki.

"Alhaji, mai 'ya'ya arba'in ba ya jin kukan ɗan riƙo," ta ce. "Amma kai ke shan rana, ba ni ba. Abin da ka gani shi za a yi."

Ni kuwa na riga na gani. Na gaji da ciwon baya, kuma, in faɗi gaskiya, ina son a ce ga Isiyaku ɗan dako ya zama mai hulɗa da kamfani. Muka je da kafilina muka sa hannu. Larabcin Alƙur'ani na iya, na lauyoyi kuwa ban tsaya na nemi mai fassara mini ba.

Watannin farko, wallahi, mun ji daɗi. Ranar da babbar motar ta fara zuwa ta kasa shiga lungu, sai da ta tsaya a bakin titi aka yi ta miƙo akwatuna hannu da hannu, matan unguwa suna leƙe ta taga, wata tsohuwa 'yar Barno har da guɗa. Muka kama ɗakin ƙasa na maƙwabta muka mai da shi wurin aiki, aka yi masa tayil da famfo yadda baladiyya, hukumar gari, ke so, Ummanku ta ɗauki mata huɗu suna taya ta niƙa da tata. In kana wucewa sai ka ji Hausar Sudan da ta Kano da ta Damagaram suna karo, ana waƙa ana gardamar wa ya fi iya tuwo. Ni na jingine wanet na lulluɓe ta, na ɗinka sababbin riguna, tumbi ya fara leƙowa. Wata Alhamis na shiga tasi na tafi can arewacin gari, wani katafaren kanti da ban taɓa shiga ba, na tarar da kwalbarmu a bayan gilashi, ga sunan Ummanku yana walƙiya. Na tsaya ina kallo har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na saya da kuɗina na kawo mata. Ta jujjuya ta, ta yi murmushi, sannan ta duba wuya. Ko da aka kawo takardar kamfani ba ta daina ɗaura zarenta ba.

"Ja ne," ta ce. "Ta Lahadi. Yau Alhamis, Alhaji."

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Amm Ƙasim ya aiko a ce mini mako biyu bai ga ko kwalba ɗaya ba. Ashe babbar mota ba ta tsayawa don akwati biyu, sai manyan kantuna. Mutanen da suka ɗaga mu, masu ɗinki da 'yan dako da direbobin Mahjar, su ne suka rasa, ni kuma takarda ta hana ni kai musu. Direbobin Abu Salim ladansu a kan birar kamfani yake, ita suke tallatawa, ita ce a bakin ƙofa, tamu tana can ƙurya, sai an gama zagaye a tuna da ita. Kaya suka fara dawowa a lalace. Abu Salim ya zo da shawara: a tafasa sobiyar, a zuba mata maganin hana lalacewa, ta yi wata shida a kanta ba abin da zai same ta. Har ya sa an gwada, ya kawo mana kwalba ɗaya. Ummanku ta zuba a kofi ta kurɓa. Ta ajiye kofin, ta jira ya tafi. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Launin nata ne, zaƙin ma nata ne," ta ce. "Amma wannan gawar sobiya ce."

Muna cikin wannan ja-in-ja azumi ya kama, a tsakiyar zafi. Ranar goma ga wata da hantsi, ana tsakar aiki, sai ga mota ta tsaya, mutum uku suka fito: ma'aikacin baladiyya da takardu, ɗan sanda, da wani mai dogon gemu. Ma'aikacin yana riƙe da leda, a ciki akwai wuyan fasasshiyar kwalba. Tun kafin ya buɗe warin ya iso. Ashe jiya da la'asar, a wani kanti a hanyar Makka, kwalabenmu suka yi ta fashewa kamar ana harbi, mai kanti ya kwanta a bayan kanta yana salati, masu sayayya suka watse. Da ƙura ta lafa sai wari ya cika wurin, wani ya kai ƙara cewa Takari suna dafa giya suna sayar wa masu azumi. An tambayi direba, ya ce shi yadda aka ba shi haka ya kai.

Ku da aka haifa a nan kun san abin da wannan zargi yake nufi. Ba tara ba ce kawai. Bulala ce da kurkuku, sannan tarhil, a sa mutum a jirgi da rigar jikinsa. Larabcina duk ya gudu, sai "wallahi" nake maimaitawa. Matan nan huɗu, biyu daga cikinsu ba su da takarda, tuni suka sulale ta ƙofar baya. Ummanku ta gyara lulluɓi ta fito, ciki wata takwas, ta ce a nuna mata wuyan kwalbar. Ta ɗaga shi da yatsa biyu.

"Ya ustaz, ka ga zaren nan? Kore ne. Kore na Laraba ne. Jiya Asabar. Larabar da ta wuce ban dama ba, sha'ir ya yanke. Wannan ta Larabar can ce, kwananta goma. Ni kwana uku na ce. Ku tambayi inda ta kwana bakwai."

Ta kai su ciki ta nuna musu ƙullin zaruruwa a jikin ƙusa, ta buɗe tukwanen ranar. Mai gemun ya sunkuya ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ma'aikacin ma ya shaƙa. Ɗan sandan ya haɗiye yawu har sai da na ji. Ga ƙamshin citta da hel yana tashi, ga zafi, ga azumi, kuma ba mai ikon ɗanɗanawa ya raba gardama. Ko a cikin tsoron sai da dariya ta kusa ƙwace mini. Suna cikin haka sai ga Amm Ƙasim, labari ya kai masa, ya rufe shago ya taho da limamin masallacinsu da wasu dattawa biyu. Tun daga bakin lungu ake jin muryarsa.

"Shekara huɗu ina sayar da ita! Liman ma da ita yake buɗa baki! In giya ce to duk Sa'alaba mun bugu ba mu sani ba!"

Liman ya ce masa ya yi a hankali, amma ya tabbatar da maganar. Ba a tafi da ni ba. Aka ɗebi sobiyar a kai gwaji, aka manna jar takarda a ƙofar ɗakin aiki. Kwana tara ƙofar nan tana rufe, a tsakiyar kasuwar shekara. A kwana na goma ma'aikacin ya dawo ya yage takardar ya ce halas, tamu lafiya take. Bincike ya nuna akwatunan an sauke su a farfajiyar sito ranar Laraba da yamma, aka tafi hutun Alhamis da Juma'a aka manta da su a rana, daga baya wani ya tura su cikin sanyi, suka yi kwanaki, aka loda ba a duba ba.

Bayan salla da kwana biyu Abu Salim ya zo. Ya ba da haƙuri, ya kawo wa Ummanku turmin yadi da kwalin dabino. Sannan ya faɗi gaskiyarsa: shi ba zai iya ba wa kaya ɗaya mota ta musamman ba, kuma ba zai sake yarda da abin da zai jawo masa 'yan sanda ba. Ko a zuba magani a ci gaba, har ya gina mana wuri babba, ko kuwa a rabu lafiya. In an rabu, sunan nasa ne, haka takarda ta ce, zai ci gaba da yin tasa sobiyar da shi.

To ga wurin da nake so ku saurara da kyau. Da muka zauna mu biyu da yamma a tsakar gida, ba ita ce ta ƙi ba.

"Alhaji, mu karɓa," ta ce. "Ga Usman, ga wannan yana tafe. Ba zan so ka koma ɗaukar ƙanƙara ba. Mutanen can arewacin gari ba su san ta gaske ba, ba za su gane ba."

"Ke fa?"

"Ni sai in daina ɗanɗanawa."

Wannan kalma ita ta yanke mini shawara. Na tuna macen da take tashi tun asuba tana waƙa a kan tukunya, na ƙiyasta ta tana dama abin da ba za ta iya kai wa bakinta ba, shekara da shekaru, don kawai ni in sa farar riga. Na ce mata a'a. Ta ce to sunan fa? Na ce sunan da mahaifinki ya yanka rago ya raɗa miki, takarda ba ta isa ta ƙwace shi ba, na jikin kwalba kuwa su riƙe. Ta dube ni ta fashe da dariya ta ce ashe tumbin bai toshe mini basira duka ba. Ni na shigar da mu, ni na fitar da mu. In akwai taurin kai a labarin nan, nawa ne.

Ba zan ce ba mu ji a jikinmu ba. Mata biyu muka sallama, Ummanku ta yi kuka ranar. Ɗakin da na yi niyyar gina wa mahaifiyata a gida sai bayan shekara biyar ya samu. Na yaye wa wanet lulluɓi, na koma tsere da rana har gashina ya yi fari, ciwon bayan da kuke gani ina dafe shi daga can ya samo asali. Kuma shekaru muna wucewa ta gaban kantuna muna ganin sunanta da ruwan zinariya a jikin abin da ba hannunta ya yi ba. Amma na koyi darasi. Na je kasuwar gwanjo na sayo tsofaffin ƙananan firiji, wani Bapakistane ya gyara mini su, na ajiye ɗaya a kowane shagon da ke sayen namu, ba mai ikon cewa a fitar. Ranar da na kai wa Amm Ƙasim nasa, ya jera kwalaben a gaba, ya ja da baya ya ƙare musu kallo.

"Mabruk," ya ce. "Sun samu iƙama."

Muka kafa doka: ba ma kai kaya inda ƙanƙara za ta narke kafin a isa, kuma ni da kaina nake kwashe duk wadda ta cika kwana uku. Kwalabenmu ba takarda, ba suna, sai zare a wuya. Larabawan unguwa suka raɗa mata Umm Khait, wato mai zare, kuma da wannan sana'ar aka yi muku karatu duka.

Azumin da ya zagayo, Maryam tana rarrafe, wata la'asar mutane sun yi layi a ƙofar gida, sai na hango direban Abu Salim a can ƙarshe, riƙe da babban jug na gilashi, yana sunkuyar da kai. Da layi ya zo kansa na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya faɗa. Mahaifiyar Abu Salim ce, tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu. An kai mata ta kamfanin ɗanta ta kurɓa ta ture, ta ce ita ta bara take so, kwana uku kenan da ruwa kawai take buɗa baki, gida ya rikice. Na ji wani daɗi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na riga na shirya maganar da zan ba shi ya kai wa maigidansa, mai gishiri sosai. Kafin in buɗe baki Ummanku ta miƙo hannu ta bayan ƙofa ta karɓi jug ɗin. Ta cika shi fal, ta ɗaure bakinsa da leda, ta haɗa da ƙosai mai zafi a takarda. Direban ya ciro kuɗi, ta ce ya mayar, ya gaida Hajja, gobe ma ya zo da wuri kafin layi.

Da ya tafi na ce mata, haba Hajiya, mutumin da ya riƙe miki suna?

Ta ci gaba da ɗura kwalba, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tsohuwa ce ke azumi, Alhaji, ba kamfani ba. Yalla, ɗauki akwatin Mahjar, rana tana faɗuwa."